Makon da Yaya Ping Ya Ƙi Rubutu

A duk mutanen da na yi aiki da su a kamfanin Sifu Tong, can saman wani tsohon benen masaƙa a Kwun Tong, babu wanda ya sa ni ciwon kai kamar Kan Ping. Ya girme ni, don haka Yaya Ping nake ce masa, amma akwai ranakun da "Yaya" ɗin ma da ƙyar yake fita daga bakina.

Littafin zane muke fitarwa duk mako, labarin Jarumi Yim mai baƙin takobi, wanda yake yawon duniya yana sare kawunan mayu da dodanni. Kowa da yankinsa. Sifu Tong, mai kamfanin, shi ke tsara shafi ya zana fuskoki, kuma sunansa kaɗai ake bugawa a bango. Wani ya zana jiki, wani riga, wani duwatsu da gajimare, akwai ma wanda bai iya komai a duniya ba sai zanen iska. Ni Lai-Har, gashi nake zanawa. Gashi kawai. Kada wanda ya yi mini dariya, don gashin Jarumi Yim har gadon baya yake, kuma kullum iska na kaɗa shi, ko da a cikin rijiya yake.

Yaya Ping shi ne mai labari. Farkon mako zai shiga ɗakin ajiya da rakoda, ya turo ƙofa, ya zuba labarin makon a kaset. Ba faɗa kawai yake yi ba, yi yake yi. Ya yi muryar jarumi, ya yi dariyar mayya, ya yi haniniyar doki, ya ɗauki tsintsiya ya kai wa kwali sara. Baƙon da bai sani ba sai ya ɗauka yanka wani ake yi a ciki. Sifu ya saurari kaset ɗin ya tsara hotuna, mu kuma mu cika. In mun gama, shafukan su koma teburin Yaya Ping da fararen kumfa a saman kawunan mutane, shi ya cika su da magana da hannunsa. Rubutunsa kam, a faɗi gaskiya, yana da kyau, tsaf-tsaf kamar an jera shinkafa.

Sai dai a sana'armu abin da aka zana shi ne sarki. Yaya Ping zai ce a kaset, jarumi ya haɗu da tsoho mai awaki a bakin gada. Sifu ya ga tsoho ba ya sayar da littafi, sai ya zana budurwa mai wuƙa biyu a kan kunkuru mai tashi sama. Shafi ya dawo, Yaya Ping ya dafe kai.

"Sifu, wannan kuma wace ce?"

"Yo ni na sani? Kai ne mai labari. Nemo mata uba."

Haka zai zauna yana ƙunƙuni, ya nemo mata uba da gari da dalilin hawa kunkuru. Shekara goma sha huɗu yana wannan aikin, yana ɗinke ɓarakar da wani ya yaga, kuma ko a ƙasan shafi ba a taɓa sa sunansa ba. Ba shi kaɗai ba ne. Masu labarin duk kamfanonin garin haka suke, kamar gishiri a miya, sai babu su ake tuna su.

Labarin kuma ba nasa ba ne. Tsohon littafi ne mai juzu'i uku, na wani marubuci da ya daɗe a ƙasa, Sifu ya sayi izinin mayar da shi zane. Yaya Ping ya san littafin tun yana ƙarami, lokacin da suke zaune a bukkokin kwano na gefen tsauni, shi da mahaifiyarsa. Zamanin wahalar ruwa ne, famfo sai bayan kwana huɗu yake kawowa. Mahaifiyar tasa, Inna Kan, kuwa ga-ruwa take yi, garwa biyu a sanda, tana hawa tudu tana sayarwa gida-gida. Ba ta iya karatu ba. Shi ke ɗauko hayar littafin a rumfar bakin titi, ya karanta mata tana shafa man zafi a kafaɗa.

A ƙarshen littafin na asali babu yaƙi. Jarumi Yim ya iso wani ƙauye da fari ya cinye, ya ga tsofaffi suna jan ruwa daga nesa. Sai ya mayar da takobinsa kube, ya rataya garwa ɗaya a kowane ƙarshen kuben, ya saɓa a kafaɗa, ya bi layi. Nan labarin ya ƙare. Yaya Ping ya ce ranar da ya karanta mata wurin, Inna ta yi dariya har da hawaye, ta ce sai yau ƙarfen nan ya yi wa wani amfani.

To, tun da ɗanta ya fara aikin nan, duk Lahadi yana kai mata sabon fitowa a ɗakinta na gidajen gwamnati a Lok Fu. Ta buɗa ta bi hotuna ɗaya bayan ɗaya, ta tambaye shi ko jarumin ya ɗebo ruwan. Ya ce saura kaɗan. Wannan "saura kaɗan" ɗin ita ce ta cinye masa ƙuruciya.

Juzu'i ukun nan mun cinye su tun a shekara ta uku, saura shafukan ƙarshe kawai. Amma littafi na ciniki, wa zai yanka kazar da ke masa ƙwai? Duk gabatowar sabuwar shekara Yaya Ping zai shiga ofishin Sifu da maganar ƙarshe, Sifu ya ba shi jan ambulan na barka da shekara, ya dafa kafaɗarsa ya ce baɗi. Mun kashe Mayya Mai Fuska Bakwai sau uku, sau uku tana dawowa. Jarumi Yim ya shiga lahira ya fito, ya auri 'yar sarkin teku, ya manta da ita. Ni kuwa ina nan ina zana gashi.

Wasu kamfanonin sun neme shi, ya ƙi. Akwai wata malamar makaranta da ta so shi tsakani da Allah, ta yi ta jira har ta gaji ta auri mai kantin magani. Na ce masa, "Yaya Ping, kai fa jarumin nan ka aura."

Ya ce, "In na tafi wa zai kai shi ƙauyen?"

"Ƙauyen takarda? Haba, sai ka ce mai hankali!"

Ya yi mini murmushin nan nasa mai ban haushi, ya ci gaba da tsoma burodi a shayin madara.

Shekarar da abin ya faru, ciwon sukari ya fara cin idon Inna. Likita ya ce ganin da ya rage ba zai kai wani sanyin ba. Sai ga shi kuma a lokacin kasuwarmu ta faɗi, yara sun koma wa littattafan Japan da wasan na'ura. Yaya Ping ya shiga ofishin Sifu, wannan karon bai karɓi "baɗi" ba. Muna jin su ta bango. Can Sifu ya fito ya tsaya a tsakiyar ɗaki ya ce, to, kowa ya shaida, fitowar bikin tsakiyar kaka ita ce ta ƙarshe, kuma yadda littafi ya ƙare haka za mu ƙare.

Ban taɓa ganin Yaya Ping haka ba. Ya yi aski, ya saya wa kowa gasasshiyar agwagwa, mutumin da ko lemon kwalba ba ya saya wa wani. Ranar ɗaukar kaset ɗin ƙarshe ba mu ji ihu ko sara ba. Muka tsaya a bakin ƙofa muna saurare. A hankali yake magana, yana faɗin yadda kuben ya lanƙwasa da nauyin garwa, yadda ruwa ke fallatsa a ƙafar jarumi, yadda wata tsohuwa ta ce masa ya bi a sannu kada ya zubar. Mai zanen iska har da share ido.

Ashe a makon nan wani ɗan kasuwa ya zo wa Sifu da sabon salo. Wani kamfanin ya fara haɗa ɗan ƙaramin makami na wasa da kowane littafi, kuma yara sun yi masa caa. Sifu bai shawarci kowa ba, ya ba wata masana'anta a ƙetaren iyaka aikin ƙera ɗan baƙin takobi mai tsawon yatsa. Kwalaye suka iso aka jibge su har saman silin, a ɗakin ajiyar da Yaya Ping ke ɗaukar kaset.

Da shafukan suka zo teburina don in sa gashi, sai na ga babu ƙauye, babu garwa. Jarumi Yim ne tsaye a kan tulin ƙwarangwal, takobi na fidda wuta, mayyar nan ta sake bayyana da fuska ta takwas. Na ɗauki shafin na kai wa Yaya Ping, don gara ya gani a hannuna. Ya duba, ya miƙe, ya nufi ofis, ni ma na bi shi.

"Sifu, ba haka na faɗa a kaset ba."

"Na ji kaset. Ya yi daɗi. Amma ka ga kwalayen can? Kana so in sayar wa yaro takobi, ya buɗe littafi ya ga an mai da shi sandar ga-ruwa?"

"Ka yi alkawari a gaban kowa."

"In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Baɗi za mu yi."

"Idonta ba zai kai baɗi ba."

Sifu ya sosa ƙeya, don ba dutse ba ne, ya san Inna. Amma ya shafa wa idonsa toka ya ce, "Ka gaishe ta. Shafuka za su iso teburinka ranar Alhamis."

Da muka fito na ja Yaya Ping zuwa matakala. Na ce ya kwantar da hankalinsa, abin bai kai nan ba. Mu ne fa masu zanen. Mai jiki ya yarda, mai duwatsu ya yarda, fuskar Yim kuwa ko ido rufe zan kwaikwayi hannun Sifu. Shafi huɗu kawai, mu zana ƙauye da garwa, ya sa rubutunsa, mu liƙa a bayan littafi ɗaya, ya kai mata. Wa zai sani?

"Ni zan sani," in ji shi.

"To sai me? In ka sani ciwo zai kama ka?"

"Ba zan yi wa uwata jabu ba, Lai-Har. Ko dai na gaske, wanda kowa zai saya a bakin titi, ko babu."

"Ka ji shi! Ana maganar idon tsohuwa kana maganar bakin titi. Yaya Ping, wannan ba mutunci ba ne, taurin kai ne."

Ya kafe kai da fata. Na yi lallashi, na yi faɗa, na ce masa ya fi kunkurun budurwar nan wauta. Ko gezau. Raina ya ɓaci har na koma tebur na zana wa mayya gashi kamar sheƙar tsuntsu.

Ranar Alhamis shafuka suka isa gabansa. Ya zauna, ya jera alƙalumansa, ya harɗe hannu. Aka ci abincin rana yana nan. Motar maɗaba'a ta zo tana ta hon a ƙasa, yana nan. Sifu ya fito ya ga kumfa fayau, babu ko ɗigo.

"Kan Ping, wannan mene ne?"

"Ba ni da abin da zan sa a bakinsa. Ba nan ya kamata a ce yana tsaye ba."

"Ka rubuta ko 'Mutu, mayya!' ne mana!"

"Kai ka rubuta."

Sifu dai bai taɓa cika kumfa ɗaya ba a rayuwarsa, kuma rubutunsa sai ka ce kaza ta yi tono. Ya yi ja, ya yi fari, ya tattara shafukan ya danƙa wa direba. Ya ce a buga haka nan, duk gari ya ga abin da malalacin mai labari ya yi. Yaya Ping ya ɗauki lemarsa ya fita yana tafiyar wanda ya ci yaƙi. A ransa, masu karatu za su yi bore, su san cewa ba shi ba labari, Sifu ya zo yana roƙo, shi kuma ya ce sai dai a kai jarumi ƙauye.

Tabɗi! Kafin la'asar ɗin Asabar littafin ya ƙare a duk rumfunan jarida. Aka sake bugu. Ko don ɗan takobin ne, ko don me, oho. Wani mai sharhi a jarida ya rubuta cewa Sifu Tong ya kai matakin da zanensa ya wuce buƙatar magana, wai shirun nan ya fi tsawa ƙarfi. Sifu ya yanke shafin ya manna a ƙofar ofis. Da 'yan rediyo suka tambaye shi, ya ce ai ya daɗe yana nazarin abin. Na kusa haɗiye alƙalamina don takaici. Mutum ya shekara goma sha huɗu yana zuba magana ba wanda ya ce sannu, ranar da ya yi shiru aka yi yabo, yabon ma ga wani.

Da safiyar Lahadi na same shi a shagon shayin da ya saba zama, littafin na gabansa, ya cire ɗan takobin ya ture gefe. Na zo da niyyar in wanke shi tas, amma da na ga yadda ya faɗa a kwana biyu sai na fasa. Ya ce in raka shi Lok Fu, ba zai iya shiga shi kaɗai ba.

Muka tarar da Inna Kan zaune a bakin taga, inda haske ya fi yawa. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, kafaɗarta ta dama ta fi ta hagu sauka. Ta gane muryata, ta ce, "Mai gashi ce? Shigo, 'yar nan, har yanzu ba ki yi ƙiba ba." Ta miƙo hannu ya sa mata littafin, ta kai shi dab da hancinta ta buɗe.

Sai na ji mutumin nan, wanda ya ce ba zai yi wa uwarsa jabu ba, ya gyara murya. Ya fara karanta mata abin da babu. Yana nuna shafin da jarumi ke tsaye kan ƙwarangwal, yana cewa ga shi ya iso ƙauye, ga tsofaffi a layi, ga shi ya rataya garwa. Na juya ina kallon bango, don in na kalle shi ko in fashe da kuka ko in kwaɗa masa jakata.

Inna ta bar shi ya yi nisa, sannan ta ce, "Ping."

"Na'am, Inna."

"Karatu ne ban iya ba, ba hankali na rasa ba. Wannan sara yake yi. Ga kan mutum can yana tashi."

Ya janye yatsansa daga kan shafin.

Ta ci gaba da juya shafi, a hankali, tana bin saman kawunan mutane da ɗan yatsa. Ta kai ƙarshe, ta dawo farko, ta sake bi. Sannan ta ɗago.

"Ina naka?"

"Nawa me, Inna?"

"Baƙaƙen nan. Naka. Ai su nake nema kullum. Fuskar ta maigidanku ce, gashin na yarinyar nan ne, na san wannan. Amma ƙananan nan na cikin fari, hannunka ne. Tun kana aji ɗaya na san yadda kake jan wutsiyarsu. Yau na duba ko'ina ban gan ka ba. Ko idon ne ya tafi?"

"Ba idon ba ne, Inna," ya faɗa da ƙyar. "Ni ne ban rubuta ba. Sun ƙi bari ya ɗebo ruwan, shi ne na yi fushi."

"Ka yi fushi da su, shi ne ka hana ni?" Ta buga masa littafin a gwiwa. "Ruwa? Ni da na ɗebi ruwan da ya ishi gari, ruwan takarda zan zauna jira? Tsokanarka nake yi, sakarai, don ka daɗe kana ba ni labari kafin ka tashi."

Na dubi Yaya Ping. Aure ya wuce shi, aiki mai kyau ya wuce shi, yanzu ga wanda yake hannu ma ya saki, duk a kan maganar da tsohuwa ke yi don ɗanta ya ƙara zama kusa da ita. Kuma bai taɓa tambayarta ba, ko sau ɗaya. Na buɗe baki zan faɗa masa, na ga babu inda zan sa maganar, don ya riga ya ji.

Inna ta tura masa littafin, ta jawo ɗan tebur da ƙafa zuwa bakin taga.

"Zauna nan ka cika mini, tun ina gani."

Ya laluba aljihun riga, ya laluba na wando. Mai labari guda, ya fito gida ba alƙalami. Na buɗe jaka na ba shi nawa na zanen gashi, na ce ya bi a hankali don bakinsa siriri ne. Ya sunkuya a kan kumfar farko, ita kuma ta matso har goshinta na taɓa kafaɗarsa.